Sawun Ƙaramin Yaro

In ruwa ya ɗauke da hantsi a Rano ko a Kibiya, ƙasar tsakar gida takan yi laushi, kowa ya taka sai sawunsa ya fito. Sawun babban mutum yakan dubi gaba sosai, ko kuwa ya ɗan buɗe waje. Amma sau da yawa sawun yaron da ya fara tafiya yakan karkata ciki, manyan yatsun nan biyu suna duban juna. Irin wannan yaro yakan yi tuntuɓe da ƙafarsa, ya faɗi, ya tashi. Uwa takan damu, tana tsoron kada ɗanta ya gurgunce. Yawanci kuwa ba cuta ba ce, girma ne bai ƙarasa aikinsa ba.

A ƙafar babban mutum, daga diddige zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26. Na jariri ba su yi ƙwari ba tukuna, yawancinsu guringuntsi ne, mai taushi kamar na kunne. Tafin ƙafarsa kuma a shimfiɗe yake, cike da kitse. Kwarin nan na tsakiyar tafin ƙafa ba ya fitowa sosai sai yaro ya kai wajen shekara 6. Yaro kan fara da zama, sa'an nan rarrafe, sa'an nan ya kama bango ya miƙe. Yawancin yara sukan taka suna da wajen shekara guda, amma wani tun yana wata 9, wani kuwa sai ya kai wata 18.

Wurare uku ne karkatar nan takan fito. Na farko shi ne tafin ƙafar kansa. Jariri a takure yake a cikin uwa, saboda haka akan haifi wani da gaban ƙafarsa a lanƙwashe kamar ƙwayar wake. In an taɓa aka ji tana miƙewa da sauƙi, yawanci takan daidaita kafin ya shekara.

Na biyu shi ne ƙashin ƙwauri, wanda ke tsakanin gwiwa da idon sawu. Shi ma yakan ɗan murɗe ciki tun a cikin uwa, amma ba a lura sai yaro ya fara tafiya. Gwiwarsa tana duban gaba, ƙafar tana duban ciki. Wannan yakan warware kafin ya kai shekara 5 ko kusa da haka.

Na uku shi ne ƙashin cinya. Akan gane shi a yaro mai shekara 3 zuwa 6, ya kuwa fi yawa ga 'yan mata. A nan gwiwa da ƙafa duk ciki suke duba. In yaron zai zauna, sai ya sa mazaunansa a ƙasa, ya lanƙwashe ƙafafu baya, ɗaya dama ɗaya hagun, domin zaman da ya fi masa sauƙi ke nan. Wannan ya fi daɗewa, yakan kai shekara 8 ko 10 kafin ya gyaru.

To, mene ne maganin waɗannan uku? Haƙuri ne, da abinci, da wasa. Dā can likitocin Turai da Amurka sukan sa wa yara takalma na musamman da ƙarafa don su miƙar da ƙafa. Daga baya aka bincika, aka ga wanda aka sa wa da wanda ba a sa wa ba duk tare suke miƙewa. Ɗaure ƙafa da tsumma, ko murɗa ta da ƙarfi, ko yin tsaga, wahala ce kawai ga yaro. Goyo kuma ba ya karkatar da ƙafa.

Tafiya ba takalmi a wuri mai tsabta ma tana ƙarfafa ƙafa. A shekarar 1992 waɗansu likitoci a Indiya suka ba da labarin yara 2,300 da suka auna. Suka tarar shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ya fi yawa ga masu sa takalmi. Amfanin takalmi shi ne tsare ƙafa daga ƙaya, da fasasshiyar kwalba, da tsutsar da ke shiga ta fata. Sai a zaɓa wa yaro mai taushi, wanda ba ya matse yatsu.

Amma fa akwai inda jira ba shi da kyau. Wani jariri akan haife shi da ƙafa a murɗe ƙwarai, tafin yana duban ɗan'uwansa, ta sandare ba ta miƙewa. Cikin jarirai 1,000 akan sami kamar guda ɗaya. Wannan ba ta warkewa da kanta. Wani likita, Ignacio Ponseti, mutumin Sifen da ya yi aiki a Amurka, ya fito da hanyar gyaranta. Kowane mako akan ɗan miƙar da ƙafar a hankali, a ɗaure ta da filasta, har wajen sau biyar ko shida. Daga baya yaron ya riƙa kwana da takalmi mai sanda har 'yan shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a makonnin farko ya fi kyau a fara. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, inda ake irin wannan aiki.

Haka kuma in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta karkace ƙwarai, ko yaro yana ɗingishi, ko yana kukan ciwo, ko ya wuce wata 18 bai taka ba, sai a kai shi Babban Asibitin Rano ko asibitin da ya fi kusa. In ƙafafu suna ƙara bauɗewa kamar baka bayan shekara 2, wuyan hannu kuma ya kumbura, mai yiwuwa ƙashi ne ya rasa abincinsa. Nono, da miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya suna gina ƙashi, hasken rana kuma yana taimakonsu.

A gidaje da yawa yaya ce ke rainon ƙanenta in ta taso daga makaranta. Ita ce takan fara ganin yadda yake taka ƙasa. In tafiyarsa ta karkata amma yana gudu yana dariya, kada a yi masa ba'a, kada a laƙa masa suna. In kuwa ta ga ɗaya daga alamun nan, sai ta gaya wa iyayenta tun da wuri.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙafar babban mutum?
2. Faɗi wurare uku da karkatar ƙafa takan fito.
3. Yaushe ya kamata a kai yaro asibiti?