Timia: Me ya kamata mai kula da ɗakin karatun makaranta ya koya game da na'ura?

Garin Timia yana cikin duwatsun Abzin, a gundumar Iferouane ta jihar Agadez, tazarar sama da kilomita 200 daga birnin Agadez, kuma hanyar duwatsu ce da rairayi. An san garin da lambunan lemo, rumman da dabino. A wuri irin wannan, kawo kwalin littattafai ko neman mai gyaran kwamfuta tafiya ce ta musamman. Shi ya sa horon wanda zai riƙe ɗakin karatun makaranta a nan ya bambanta da na abokin aikinsa na Yamai: dole ya iya sarrafa na'ura ko da babu intanet.

A Nijar, tsohuwar cibiyar IFTIC ta Yamai ta horar da masu adana takardu da bayanai. A Dakar kuma akwai makarantar EBAD ta jami'ar Cheikh Anta Diop, wadda aka kafa a 1967, kuma tana ba da karatu daga nesa. Tushen sana'ar ɗaya ne a ko'ina: rajistar littafi, rarraba shi bisa fanni, kamar tsarin Dewey na 1876 mai rukuni 10, da bin sawun wanda ya ara.

Abu na farko da na'ura ta ƙara shi ne rajista. Manhajar PMB, wadda aka ƙirƙira a Faransa kuma kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ɗaya ba tare da intanet ba. Da ita ake sanin littafin da ya fita, ranar dawowarsa da wanda yara suka fi nema. Amma mai koyo sai ya saba kwafe bayanan a wata ma'ajiya daban, domin ƙura da zafi na kashe na'ura, aikin shekara ya tafi a rana ɗaya.

Na biyu shi ne kawo ilimin intanet inda babu layi. Manhajar Kiwix, da ta fito a 2007, tana ba da damar sauke Wikipedia ta Faransanci ko ta Hausa sau ɗaya a birni, a ɗora ta kan ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi. Wayoyin malamai da ɗalibai sai su haɗu da ita ta Wi-Fi, ba tare da sayen kati ba.

Na uku shi ne wuta. Mai ɗakin karatu ya san ƙarfin farantin hasken rana da batir, ya riƙa share farantin, kada ya bar batir ya zuƙe ƙaf, domin hakan na rage masa kwana. Sau da yawa kayan agaji na mutuwa ne a nan, ba don na'urar ta lalace ba.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi, shi ne harshe. Yaran Timia da Tamajak suke tashi, alhali yawancin littattafan makaranta da Faransanci suke. Manhajar Bloom ta ƙungiyar SIL tana sauƙaƙa haɗa ƙananan littattafai masu hoto da harshen gida. Wanda ya iya ta zai rubuta labarin ayarin gishiri zuwa Bilma ko yadda ake ban ruwa a lambu, ya buga, yaro ya fara karatu da abin da ya sani.

Tambayar da ke gaban hukumomin ilimi da iyaye ita ce wa za a horar. Ma'aikacin da aka turo daga nesa ana iya ɗauke shi bayan shekara ɗaya ko biyu, ya tafi da saninsa. Idan aka koya wa malamai biyu tare, ɗaya daga cikinsu ɗan gari, kuma aka rubuta matakan aikin a littafin da zai zauna a makaranta, ɗakin karatu ba zai rufe ba don an sauya wa mutum ɗaya wurin aiki.