Ziyarar Gandun Dajin Matobo a Ƙasar Zimbabwe

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa kudancin Afirka, zuwa ƙasar Zimbabwe. A can akwai wani gandun daji da ake kira Matobo. Gandun daji wuri ne da hukuma ta keɓe domin namun daji, kamar Yankari a Jihar Bauchi. Ba a noma a ciki, ba a farauta.

Matobo yana kudu da birnin Bulawayo, tafiyar kilomita 35 ke nan. An kafa shi a shekarar 1926, saboda haka shi ne gandun daji mafi tsufa a ƙasar. Abin da baƙo zai fara gani shi ne duwatsu. Manyan duwatsu ne masu sulɓi, wani a kan wani, kai ka ce mutum ne ya jera su. Iska da ruwa da zafin rana ne suka sassaƙa su a hankali. An ce Sarki Mzilikazi na ƙabilar Ndebele ne ya raɗa wa wurin suna, ma'anarsa kawuna masu sanƙo. Da ya rasu a 1868, a cikin waɗannan duwatsu aka binne shi.

Akwai raƙumin dawa da jakin dawa da gadu da birai. Akwai rema da yawa a cikin duwatsun, su ne abincin damisa da wata baƙar gaggafa. Amma dabbar da ta fi jawo baƙi ita ce karkanda. Iri biyu ne, fara da baƙa. Sunan kawai ke nan, domin dukansu launin toka gare su. Bambancin yana a baki. Fara tana da faffaɗan baki, tana cin ciyawa. Baƙa tana da tsinin leɓe, tana tsinkar ganye.

Karkanda tana cikin haɗari. Ɓarayin daji suna kashe ta domin ƙahonta, su sayar a wasu ƙasashen Asiya inda ake cewa magani ne. Gaskiya ba magani ba ne. Abin da ya yi farcen yatsanka shi ne ya yi ƙahon nan. Shi ya sa masu gadi da bindigogi suke tsaron ta dare da rana. Wani lokaci likitocin dabbobi sukan sa ta barci su yanke ƙahon, don ɓarawo ya rasa dalilin kashe ta. Ƙahon yakan sake tsirowa.

Baƙo yana iya zuwa kusa da ita a ƙafa, amma sai da mai gadi. Idonta ba ya gani sosai, hancinta da kunnenta kuwa suna da ƙarfi. Don haka ake bi ta inda iska ba za ta kai mata ƙanshin mutum ba, kuma a yi shiru.

To, sai zane-zanen kogo. A duwatsun Matobo an ƙidaya wurare fiye da 3,000 masu zane. Mutanen San ne suka yi su, maharba da suka zauna a nan shekaru dubbai kafin zuwan manoma da makiyaya. Sukan niƙa jan dutse, su kwaɓa da kitse ko jini, su zana a bango. A kogon Nswatugi akwai raƙuman dawa da aka zana da kyau, kamar za su taka su fita. Akwai kuma mutane riƙe da kwari da baka. Masana suna ganin ba ado kawai ba ne, yana da alaƙa da addininsu da neman ruwan sama. Mu ma muna da irin wannan gado a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, inda aka zana shanu a jikin dutse.

Doka ita ce kada a taɓa zanen, kada a watsa masa ruwa, kada a rubuta suna a kusa. A kogon Pomongwe an taɓa shafa wa zanen mai da niyyar adana shi. Man ya ɓata shi, har yau bai gyaru ba.

A kan wani tudu akwai kabarin Cecil Rhodes, Baturen Ingila da ya mamaye ƙasar, har aka sa mata sunansa, Rodeshiya. An binne shi a 1902. Ƙasar ta koma Zimbabwe a 1980. Mutanen wurin suna girmama tudun tun kafin zuwansa, kuma a zamanin Turawa an tashi manoma da yawa daga gonakinsu saboda gandun. Shi ya sa har yanzu wasu suke cewa a ɗauke kabarin, wasu kuma su ce a bar shi domin tarihi da kuɗin da baƙi suke kawowa.

A 2003 hukumar UNESCO ta sa duwatsun Matobo cikin wuraren tarihi na duniya. Mai son zuwa ya sani cewa damina a can daga Nuwamba ce zuwa Maris. An fi ganin dabbobi daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da ciyawa ta bushe. A Yuni da Yuli ana sanyi ƙwarai da dare, sai a tafi da bargo.