Kada a Karɓe wa Baba Cokalinsa

A gidajenmu, idan dattijo ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, sai a gyara masa ɗakin ƙurya, a shimfiɗa katifa, a sauke labule. Wannan ta ba shi kunu a baki, wancan ya yi masa alwala. Ya yunƙura zai miƙa hannu ga buta, a ce, "Haba Baba, bari a ɗauko maka." Masu dubiya su shigo suna tambayar uwargida yaya mai jiki, shi kuwa ga shi zaune yana jin su. Ƙauna ce da biyayya, babu shakka. Sai dai irin wannan hutu yana iya ƙwace wa majinyaci ɗan abin da cutar ta bar masa.

Ciwon ba a hannu yake ba, ba kuma shafar iska ba ce. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. A 2006 wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Shi ya sa da an ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti za a nufa nan take.

Abin da ya mutu ya mutu, amma sassan da suka tsira suna iya koyon aikinsa. Kamar gada ce ta karye, direbobi suka yi ratse ta cikin gona: yau da gobe sai ratsen ya zama hanya, muddin ana bi. Wani mai bincike, Edward Taub, ya lura cewa hannun da ya raunana, idan aka daina gwada shi, ƙwaƙwalwa takan saba da rashinsa. Sai ya zo da dabarar rufe lafiyayyen hannun da safa mai kauri, a tilasta wa mai raunin ɗaukar kofi, juya makulli, tsintar wake, awanni a kullum har mako biyu. Gwajin da aka wallafa a 2006 kan majinyata 222 ya nuna hannun ya ƙara ƙwari ga waɗanda yatsunsu ke ɗan motsi tun farko. Wannan aikin likitocin gashi ne, ba a yin sa da ka. Amma ko a gida, barin Baba ya kai cokali bakinsa da kansa, ko da rabin tuwon zai zube a riga, magani ne. Watanni ukun farko su ne mafi albarka, kuma su muka fi ɓatawa a kwance.

Haka batun magana. Wanda ɓarin damansa ya shanye sau da yawa harshe kan ƙwace masa. Zai kasa cewa "ruwa", amma a ja masa Fatiha ya bi har ƙarshe, ko ya rera waƙar da ya sani tun yana saurayi. Hankalinsa bai gushe ba, kalmomi ne suka maƙale. Tun 1973 likitoci a Boston suka fara koya wa irin waɗannan mutane magana ta hanyar rerawa. A zauna gabansa, a yi masa tambaya, a jira amsa ko za ta ɗau minti guda. Ƙarasa masa zance ba taimako ba ne.

Ƙwaƙwalwar da ta saba da aiki ta fi jure bugu. A Hyderabad ta Indiya an duba mutum 608 da suka yi wannan ciwo: kusan kashi 40 cikin 100 na masu jin harshe biyu ko fiye sun fita da tunaninsu garau, masu harshe ɗaya kuwa kusan kashi 20. A Finland, gwajin FINGER na 2015 ya nuna cewa tsofaffin da aka haɗa wa motsa jiki, gyaran abinci, wasa ƙwaƙwalwa da kula da jini na shekara biyu sun fi takwarorinsu kaifin tunani. Kwamitin mujallar Lancet kuma ya sa kaɗaici da raunin ji da na gani cikin abubuwan da ke jawo ciwon mantuwa. Nan ne nake jin takaicin yadda muke ɗauko tsoho daga ƙauye, mu raba shi da majalisarsa, da tilawarsa ta bayan asuba, da dara, da cinikin ranar kasuwa, mu ajiye shi gaban talabijin a birni da sunan ya huta.

Tushen shanyewar jikin dai hawan jini ne. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, aka kuma gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana har da na Kano da Zariya, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankin da hawan jini, ya kuma gano masu cin ganye kullum sun fi tsira. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin. Maganin hawan jini kuwa ba a ajiye shi don ciwon kai ya lafa. Wanda ciwon ya taɓa bugewa sau ɗaya ya fi kowa haɗarin na biyu.