Gidan Haya Jari Ne, Amma Ba Ya Kiwon Kansa

A biranenmu irin su Kano da Kaduna da Zariya, duk wanda ya samu kuɗi a dunƙule, ko ma'aikacin da aka biya giratuti ne, ko magajin da aka raba wa gado, shawarar farko da zai ji ita ce ya gina gidan haya, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Akwai gaskiya a cikin zancen. Sai dai da yawa daga cikin masu bin shawarar kan wayi gari da gidan da ya fi kawo musu rigima fiye da riba, domin sun ɗauka da zarar an kammala gini aiki ya ƙare. Gidan haya sana'a ce, kuma lissafi da takarda da kulawa ne ke riƙe ta.

A fara da lissafi. A ce mutum ya kashe naira miliyan 30 wajen sayen fuloti da gini, yana karɓar miliyan ɗaya da rabi a shekara. Wannan kashi 5 cikin 100 ne na jarinsa. Idan ya cire kuɗin gyara, da la'adar dillalin da ke kula masa da gidan, da watannin da wani sashe zai zauna babu kowa, abin da zai rage ba zai wuce miliyan ɗaya sosai ba, wato sai ya yi kusan shekara 30 kafin uwar kuɗi ta dawo. A 2024 kuwa hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, buhun siminti ya kai naira dubu goma a wurare da dama. Ke nan babbar ribar gida tana cikin tashin darajar filin, kuɗin haya kuma shi ne ke ɗaukar nauyin gidan kafin lokacin. Wanda ya ci bashi ya yi gini da fatan haya za ta biya cikin shekara biyar, ya sake lissafi.

Bayan lissafi sai takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka na buƙatar amincewar gwamna. Sa hannun mai unguwa da shaidu yana da amfani, amma ba ya maye gurbin bincike a hukumar filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A can ne za a gane ko sunan mai sayarwa ne a kan takardar, ko an jinginar da ita a banki, ko filin ya faɗa kan hanya. A kuma nemi izinin gini kafin a haƙa tushe. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, ciki har da shagunan Filin Idi, ya nuna yadda jarin shekaru kan zama tarin ɓaraguzai matuƙar ana jayayya a kan asalin fili. Idan gidan gado ne, kada a biya ko sisi sai dukkan magada sun sa hannu. Araha ba ta ado.

Shi ma wurin da za a yi ginin yana buƙatar tunani. A tambayi kai: wa zai zauna a nan? Ɗaliban da ke Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaki ɗaya mai banɗaki suke nema, shi kuwa magidanci mai iyali ciki da falo yake so, da ruwa, da makaranta a kusa. A je a duba fili a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ke tona asirin kowace unguwa, a kuma tambayi maƙwabta zurfin rijiyoyinsu.

Wajen ba da haya, tun ran gini ran zane. A san sana'ar mai nema, a nemi wanda zai tsaya masa, a ji ta bakin wanda ya ba shi haya a baya. A rubuta yarjejeniya ko da ɗan uwa ne: nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, mutum nawa za su zauna, wa zai kwashe masai, wa zai gyara famfo. A ba da rasit a kan kowane biya. A raba mitar wuta ta kati ga kowane sashe, domin bashin lantarki kan tsaya a kan gida bayan wanda ya sha wutar ya tashi.

Idan zama ya ƙi daɗi, doka ce mafita. A Abuja, misali, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, ɗan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, na wata-wata kuma wata ɗaya, sannan a ƙara masa sanarwar kwana bakwai kafin a je kotu. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan. Kwaye rufi, ko cire ƙofa, ko watsar da kayan mutum a titi, na iya mai da mai gida wanda ake ƙara, har ya biya diyyar da ta fi bashin da yake bi.

Sauran aikin kulawa ce. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗin haya don gyara, a duba rufi da magudanar ruwa kafin kowace damina, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan za a yi ƙari, a sanar da wuri, a kuma yi shi daidai da ƙarfin mutanen unguwa. Ɗan hayar da ke biya a kan lokaci, yana share kwata, yana zaman lafiya da maƙwabta, ya fi baƙon da ya yi alkawarin ninki biyu. Wanda ya kore shi saboda 'yar ribar shekara guda zai iya shafe watanni yana biyan mai gadi a gidan da babu kowa.