Dundumin da Cin Hanta Ba Ya Warkarwa

Kowa ya san dundumi. Da zarar magariba ta yi, sai yaro ya shiga laluben hanya, yana tuntuɓe da kayan da kowa ke gani. Mafi yawanci ƙarancin bitamin A ne ke kawo shi, kuma hanta da ƙwai da manja da zogale, tare da ƙwayar bitamin A ta asibiti, suna magance shi. Amma akwai wani nau'i da ake gadonsa, wanda likitoci ke kira koroideremiya. Wani likitan ido na ƙasar Ostiriya, Ludwig Mauthner, shi ya fara bayaninsa a shekarar 1872.

Tushen ciwon yana cikin ƙwayoyin jiki. Kowace ƙwaya tamkar kasuwa ce, kullum ana ɗaukar kaya cikin ƙananan jakunkuna daga wannan rumfa zuwa waccan. Masu yi wa jakunkunan jagora wasu furotin ne da ake kira Rab, waɗanda ire-irensu a jikin mutum sun haura 60. Rab ba ya iya kama jaka sai wani sinadari, wato enzayim, ya ɗaura masa wutsiyar maiƙo, wadda da ita yake maƙalewa a jikin jakar. Shi kuma enzayim ɗin ba ya aiki sai ɗan rakiya mai suna REP1 ya kawo masa Rab har gabansa.

Mai koroideremiya ba shi da lafiyayyen REP1. A sauran sassan jiki ɗan'uwansa REP2 yana rufa asiri, amma a shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske ba ya wadatarwa. Sai jigilar kaya ta cushe, ƙwayoyin gani su riƙa mutuwa sannu a hankali. Dundumi kan fara tun ƙuruciya, daga baya ganin gefe ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ganin tsakiya kan daɗe kafin ya taɓu.

Ciwon ba shi da yawa, kuma maza ya fi kamawa. Uwa kan ɗauki gadon ba tare da ta sani ba, kuma kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Uba mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma dukan 'ya'yansa mata za su ɗauki gadon. Wannan ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ba ne.

Idan dundumin yaro bai tafi ba bayan an ba shi bitamin A, musamman in kawunsa ko kakansa na wajen uwa ya yi fama da irinsa, a kai shi asibitin ido. Kada a yi ta ƙara masa bitamin A ba da izinin likita ba, domin yawansa na cutarwa. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon, amma gano shi da wuri yana sa a kiyaye yaro daga tuƙin dare, a zaɓa masa sana'ar da za ta ɗore, a kuma daina ɓarnar kuɗi wajen masu tallar magani.