Alamar Matsayin Aiki a Zanen Bishiyar Li'irabi: Darasi ga Nazarin Harsunan Obi

1.0 Gabatarwa

Tun bayan fitowar littafin Noam Chomsky a 1957 da na Lucien Tesnière a 1959, zane ya zama abokin tafiyar mai nazarin ginin jimla. A da, manazarci kan zana bishiyar li'irabi goma ko ashirin a takarda, kuma ya san wadda ya gamsu da ita da wadda yake shakka a kanta. A yau manhajojin kwamfuta na ba ƙungiyar manazarta damar tara dubban bishiyoyi a rumbu ɗaya. A nan ne matsala ta kunno kai, domin a fuskar kwamfuta zanen da aka tantance da wanda aka yi cikin gaggawa kamarsu ɗaya. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake bin sawun matsayin kowane zane, da kuma dalilin da ya sa hakan ya zama wajibi ga mai aiki a kan harsunan Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa.

2.0 Asalin Dabarar

Masu ƙera manhaja sun daɗe da fuskantar wannan matsala. A 1997 aka amince da UML, wato tsarin zane na bai-ɗaya da Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa, wanda ake fayyace fasalin manhaja da shi kafin a rubuta ta. A manhajar Enterprise Architect, wadda ake irin wannan zane da ita, kowane ɓangare na zane yana ɗauke da matsayinsa: ko shawara ce kawai, ko an tantance, ko an amince, ko an aiwatar. Da wannan ne shugaban aiki ke gane inda aka kwana ba tare da ya tambayi kowa ba.

Masana harshe ma suna da irin tasu. A tsarin rubuta ƙamus na manhajar Toolbox ta ƙungiyar SIL, akwai gurbin \st na matsayin kalma da gurbin \dt na ranar da aka taɓa ta a ƙarshe. Haka kuma rumbun jimlolin Ingilishi na Jami'ar Pennsylvania, wanda aka fara a 1989, an gina shi ne hawa biyu: na'ura ta fara yin li'irabi, sannan mutum ya bi ya gyara. Ke nan tun farko akwai bishiya iri biyu a cikin aikin, wadda ido ya gani da wadda bai gani ba. Shirin Universal Dependencies, wanda ya fara fitar da rumbunansa a 2015, ya ƙunshi Hausa, ta hanyar aikin Bernard Caron a kan karin harshen Zariya da na Adar. A tsarin ajiyar wannan shiri ana iya rubuta bayani a saman kowace jimla, don haka akwai wurin da za a sa alamar matsayi.

3.0 Dalilin da Zane Kan Tsaya a Hanya

Za a iya ganin tushen matsalar daga Hausa kanta. A duba waɗannan jimloli:

(1) Malam ya ce Audu ya tafi.
(2) An gayyaci ɗan sarki mai doki.

A jimla ta (1), daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Idan lamirin da ya biyo bayan "Audu" dogo ne mai karin sama, /yaa/, to labari ake bayarwa cewa Audu ya riga ya tafi. Idan kuwa gajere ne mai karin ƙasa, /yà/, to umurni ne Malam ya bayar. Ba za a iya yanke hukunci ba sai an saurari muryar da aka naɗa. A jimla ta (2) kuwa, sauraro ma ba ya raba gardama, domin "mai doki" na iya siffanta "ɗa", yana kuma iya siffanta "sarki". Reshen bishiyar zai rataya ne a ɗaya daga cikin wurare biyu, kuma sai an koma ga zancen da ya gabata, ko ga wanda ya furta jimlar, kafin a san daidai. Manhaja ba za ta hana a zana ko wanne ba, kuma duk wanda aka zana zai fito tsaf.

4.0 Yanayin Obi

Obi na kudu da Lafiya, kuma mahaɗa ce ta harsuna. Ana jin Alago da Migili da Tibi, waɗanda duk 'yan gidan Neja-Kongo ne masu karin sauti, sannan a yankin Lafiya akwai Gwandara, harshen Cadi da ya fi kowane kusanci da Hausa. Hausa ce harshen kasuwa da cuɗanya a tsakaninsu. Wannan yanayi na haifar da haɗari iri uku ga mai zanen li'irabi.

Na farko, sau da yawa da Hausa ake yi wa mai harshe tambaya, shi kuma yana iya mayar da jimlar kalma bayan kalma don ya gamsar da baƙonsa. Bishiyar da aka zana a kan irin wannan amsa ta Hausa ce da aka tufatar da kalmomin Alago. Na biyu, Alago na da kare-karen harshe, kamar na Doma da Keana da Agwatashi da Assaikio, don haka jimlar da aka tabbatar a gari ɗaya ba lalle ta karɓu a wani ba. Na uku ya shafi Gwandara, wanda Shuji Matsushita ya wallafa nazarce-nazarce a kansa a 1972 da 1974. Harshen ya yar da bambancin jinsi da Hausa ke riƙe da shi. Na'urar da aka horar da jimlolin Hausa, ko ɗalibin da nahawun Hausa ya zauna masa, na iya liƙa wa sunan Gwandara jinsin da babu shi. Idan irin wannan zane ya shiga littafin makaranta, kuskuren zai daɗe ana karantar da shi, musamman a harshen da rubuce-rubuce a kansa ba su da yawa balle wani ya ƙaryata.

5.0 Matakan Matsayi

Saboda haka ya kyautu kowace bishiya ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan alamomi:

(a) Ɗanye: na'ura ko ɗalibi ya zana, ba wanda ya duba.
(b) Dubabbe: manazarci na biyu ya bi rassan ya yarda da su.
(c) Mai jira: akwai tambayar da sai mai harshe ko naɗaɗɗiyar murya za ta amsa.
(d) Tabbatacce: an warware tambayar, an rubuta garin mai harshen da ranar.
(e) Sokakke: an gano kuskure ne, amma an adana shi tare da dalilin sokewa.

Alamomin ba za su yi amfani ba sai an kiyaye sharuɗɗa huɗu. Da farko, wanda ya zana bishiya ba shi zai ɗaga ta zuwa mataki na (b) ba. Na biyu, matsayin bishiya ba ya wuce na reshenta mafi rauni; idan kalma ɗaya na jira, jimlar duka na jira. Na uku, matsayi na sauka kamar yadda yake hawa. Misali, idan ƙungiya ta sauya ra'ayi game da inda lamirin lokaci ke zama, ko a cikin yankin aiki ko a wajensa, to duk bishiyar da abin ya shafa za ta koma mataki na (a). Wannan ne sharaɗin da ya fi wuyar bi, domin yana rage adadin da za a nuna wa masu ɗaukar nauyin aiki. Na huɗu, ba a goge sokakken zane, don kada wani ya sake faɗawa ramin bayan shekaru.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa alamar matsayi ba ta gyara li'irabi. Abin da take yi shi ne faɗa wa mai karatu iyakar yardar da zai ba zane. Ba ta kuma buƙatar manhaja mai tsada, domin layi ɗaya a saman kowace jimla ya wadatar. Abin da ya rage ga sassan nazarin harsuna da mujallu shi ne su nemi duk wanda ya kafa hujja da rumbun jimloli na Alago ko Migili ko Gwandara ya bayyana nawa ne tabbatattu a cikinsu, nawa ne kuma ke jiran a koma Obi a sake tambaya.