Ledar da ke kashe shanunmu ita ke kashe kunkurun teku

Duk wanda ya taso a karar Potiskum ya san wannan. Sai ka ga saniya tana ta ramewa, ciki a kumbure, an yi allura an gaji. Ranar da aka yanka, mahauci ya tsaga tumbi ya zaro dunƙulen leda. A idona mahaifina ya yi asarar bijimi ta haka.

Bara na raka motar shanu Legas. Da muka sauke kaya, wani aboki ya kai ni bakin teku a Ibeju-Lekki, na tarar da mushen ƙaton kunkuru a kan yashi. Tun daga nan nake tambaya: me ke kashe su?

Na farko leda. Akwai wata halittar teku mai laushi, fara-fara, da kunkuru ke ci. Leda a cikin ruwa sak ita, sai ya haɗiye, hanji ya toshe, ya mutu da yunwa. Ciwon saniyarmu ke nan.

Na biyu ragar kamun kifi. Kunkuru ba kifi ba ne, da huhu yake numfashi, dole ya riƙa leƙowa ya shaƙi iska. In raga ta riƙe shi a ƙasa, ruwa ya ci shi. Wasu kuma farfelar jirgi ke sara. In ya mutu sai ya kumbura ya taso sama, igiyar ruwa ta turo shi gaɓa.

Har a tudu bai tsira ba. Macen na fitowa da dare ta binne ƙwai wajen 100 a yashi, sai kusan wata 2 su ƙyanƙyashe. Kafin nan mutane sun tone, wani lokaci har uwar a yanka.

To mu ina ruwanmu? Ledar da mai shayi ko mai suya ya wurga a kwata a Agege ko Mile 12, ruwan sama ke jan ta har teku. A Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar zuba abinci, amma kwata ba ta daina cika ba.

Don Allah 'yan uwa, a tanadi buhun shara a gefen tebur. In an kawo muku naman kunkurun teku ko ƙwansa, kada ku saya. In kun koma gida kuma, ku tsince ledar da ke kusa da turke.